Kumbon da ya yi wata shida a tafiya, ya halatta ya dawo cikin kwana uku?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya ce gare ni, amma sai na ɗan ja ku baya kafin ku gane inda ta fito.

Ina yankan tikiti a gishen wani kamfanin manyan motoci a nan Maraɗi. Motar Yamai da asuba take tashi, don haka tun ƙarfe uku na dare ina tasha. In ta tashi sai wuri ya yi tsit, ba kowa sai mai shayi da yaran da ke shara, in samu kamar awa biyu kafin fasinjan Damagaram su fara zuwa. A cikin awa biyun nan nake rubutu a waya. Wata takwas ke nan ina rubuta wani ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, ina saka shi babi-babi a wani zauren WhatsApp, duk Talata da Juma'a.

Labarin wani kumbo ne mai suna Shamuwa, da ya tashi daga Duniya da mutum arba'in zuwa Kaza da ƴaƴanta, taurarin nan da kakata take nuna mini bayan an gama girbi muna zaune a tsakar gida. Na bincika na ga haske kansa sai ya yi shekara wajen 440 kafin ya iso mana daga can. To a babi na 3 na rubuta cewa Shamuwa ta yi tafiyar cikin wata shida, da wani injin da ya fi haske gudu. Ban yi dogon tunani ba, wata shida ne kawai ya yi mini daɗin faɗa.

A babi na 7 akwai wani dattijo makaniki, Baba Iliya, da ciwo ya kama bayan sun isa. Maganinsa sai a Duniya. Shugaban kumbon ya ƙi juyawa, ya ce wata shida ne, ba zai kai ba, za a yi asarar tafiya kuma a yi asarar mutum. Baba Iliya ya rasu, aka yi masa sutura aka binne shi a wata ƙasa mai jan yashi inda ba a taɓa binne ɗan Adam ba. Ranar da na saka babin nan mutane sun yi ta turo mini saƙo, wata baiwar Allah ma ta ce ta kasa cin abincin dare.

Sai babi na 19, Juma'ar da ta wuce. Rabi, yarinyar da labarin yake kanta, ta ji cewa mahaifiyarta tana kwance rai a hannun Allah a garin Tsibiri, kusa da Maraɗi. Zuciyata ta kasa yarda a ce ba su gana ba. Sai na sa ta ɗauki ƙaramin kumbo ta iso gida cikin kwana uku, ta tarar da ita da sauran numfashi, suka yafi juna.

Da na koma gida da azahar, ƙanwata, shekararta sha biyar, tana wanke-wanke a bakin rijiya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yaya, in ana iya zuwa cikin kwana uku, don me aka bar Baba Iliya ya mutu?"

Wallahi na tsaya riƙe da babur ban sami abin cewa ba. Har yanzu maganar tana cina.

Na so in kare kaina da cewa manya ma suna yi. A shirin Star Trek: Voyager da aka fara a 1995, an jefa kumbonsu nisan tafiyar haske ta shekara 70,000, aka ce sai sun yi shekara 75 kafin su dawo gida, kuma a kan wannan nisan aka gina shirin gaba ɗaya. Amma a fim na biyar na Star Trek ɗin, na 1989, kumbon Enterprise ya isa tsakiyar garken taurarinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu take ciki, cikin ɗan lokacin da bai fi na fira ba. Masu kuɗi da ma'aikata ɗari-ɗari sun yi haka, balle ni da waya mai fasasshen gilashi. Sai dai ko da nake faɗa wa kaina haka, na san ba amsa ba ce. Ni da bakina nake ce wa fasinja Yamai awa goma ce ko sha ɗaya, kuma na san irin kallon da ake yi mini in mota ta yi sha shida.

To masana da marubuta, wannan aibi ne na gaske ko ƙanwata ce mai bin ƙwaƙƙwafi? Tun da babu injin da ya fi haske gudu, duk ƙage ne, me ya sa ƙaryar wata shida ta karɓu, ta kwana uku ta ƙi? Kuma yaya ake tsayar da gudun kumbo a labari har ya zauna daram? In goge babin ne, ko in nemo masa dalili?

Malamin Fizik ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan Bagalam, ka gaishe mini da ƙanwarka. Shekara sha huɗu ina koyarwa a lise, kuma ɗalibin da ke yin irin tambayarta shi nake nema a kowane aji.

Bari mu fara da abin da yake tabbas. Haske yana cin kilomita 299,792 a daƙiƙa guda. Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, wato kafin ka ce "bismillahi" haske ya je ya dawo fiye da sau 200. Duk da wannan gudun, sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 daga rana zuwa nan, kuma sai ya yi shekara 4 da ƴan watanni kafin ya kai tauraro mafi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri. Kumbon gaske mai suna Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, ba na fim ba, yana cin wajen kilomita 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, da sai ya yi shekara sama da 70,000.

Tun 1905 lissafin Einstein ya nuna cewa duk abin da ke da nauyi, gwargwadon kusantarsa da gudun haske gwargwadon ƙarfin da ake buƙata a ƙara tura shi, har ya zama babu man da zai kai shi. Kuma an gwada wannan ba sau ɗaya ba. A 2011 wasu masana a Gran Sasso ta Italiya suka ce wasu ƙwayoyi da suka fi zarra ƙanƙanta, masu suna nutirino, da aka harbo musu daga CERN, cibiyar binciken fizik da ke kusa da Janeba, tazarar kilomita 730, sun riga haske isowa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. Duniya ta ɗauka. Na tuna har a aji ɗalibai suka tare ni da maganar. A 2012 aka gano wata igiyar haske ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Da aka gyara, nutirino ya koma bin doka.

Ƙofar da masu labari suka fi bi ita ce wadda Miguel Alcubierre, wani masani ɗan Meziko, ya yi wa lissafi a 1994. Ka ɗauka kana zaune a kan tabarma, tulu yana can ɗaya bakin. Maimakon ka tashi, sai a tattaro tabarmar da ke gabanka, a saki ta bayanka. Kai ba ka motsa ba, amma ga tulu a gabanka. Sararin ne ake naɗewa, kumbon yana zaune. A takarda lissafin ya fita, sai dai yana neman wani irin makamashi na ƙasa da sifiri mai tarin yawa, wanda ba wanda ya san inda za a samo shi. Don haka injin Shamuwa ƙage ne, kuma ba laifi. Mai karatu ya ba ka wannan kyauta tun shafin farko.

To ga inda kuɗinka ya ƙare. Shekara 440 cikin wata shida, gudun Shamuwa ya ninka na haske sau 880. Shekara 440 cikin kwana uku kuwa, ya ninka shi fiye da sau 53,000. Ƙaramin kumbon Rabi ya fi uwarsa gudu sau sittin ke nan. Ka kwatanta da aikinka: motar da ke yin Yamai cikin awa goma, ranar Juma'a ta yi shi cikin minti goma, kuma ba wanda ya ce uffan a tasha.

Ka lura lambarka ta farko ba ta da nisa da ta Voyager na fim: 70,000 a raba 75 ya ba da 933. Da irin wannan gudun, tsakiyar garken taurarinmu, da ke nisan shekarar haske wajen 26,000 daga nan, tafiyar shekara 28 ce. Shi ya sa masu bin shirin har yau ba su yafe wa fim ɗin 1989 ba.

Akwai kuma wani rami a babin naka da ƙanwarka ba ta kai gare shi ba tukuna. Wa ya gaya wa Rabi cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya? In ta rediyo ne, saƙon rediyo gudun haske yake yi, ba ƙari. Sai bayan shekara 440 zai isa. In kuwa kana da wayar da ke kai magana nan take, to tun babi na 7 ya kamata likitan Duniya ya yi magana da masu jinyar Baba Iliya. Gudun labari da gudun mutum abu biyu ne, kowanne sai ka yanke masa hukunci.

Shawarata ka sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala ashirin. A shafin farko ka rubuta 880, ka ja layi a ƙarƙashi. Sai ka jera wuraren da labarinka zai taɓa. Proxima, ƙasa da kwana biyu. Shi'ira, tauraron nan mai tsananin haske da aka ambata a Suratun Najmi, nisansa shekarar haske 8.6, kwana uku da rabi. Kaza da ƴaƴanta, wata shida. Tsakiyar garke, shekara kusan talatin. Kafin ka tura kowa ko'ina, ka buɗe kayen. Kuma ka ga wata mafita ta faɗo da kanta: da a ce aiki ya kawo Rabi kusa da Shi'ira a lokacin, kwana ukunka da ɗoriya sun halatta ba tare da ka taɓa injin ba.

Mai Turi na Sabon Gari ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ban yarda a goge babin ba.

Sana'ata tura wa mutane fina-finai a waya. Shekara bakwai ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya dawo mini da fim ya ce a mayar masa da kuɗinsa don kumbo ya yi sauri ba. Abin da ake dawowa a ce shi ne fim ɗin ba ya da daɗi, ko fassarar ba ta fita.

Su kansu masu Star Trek sun sauya ma'auninsu. A shirin farko na 1966, lissafin da littattafan bayaninsa suka bayar shi ne a ninka lambar warp, wato matakin gudun kumbonsu, da kanta sau uku: warp 2 ya ninka haske sau 8, warp 5 sau 125. Har akwai kashin da kumbon ya haura warp 14. Da aka dawo da shirin a 1987 sai aka ce a'a, warp 10 ne iyaka, ba a kai masa. Mutane suka ci gaba da kallo. A Star Wars na 1977 kuma wani matuƙi ya yi alfahari cewa kumbonsa ya yi hanyar Kessel cikin ƙasa da parsec 12, alhali parsec awon nisa ne, shekarar haske 3.26, ba awon lokaci ba. Kamar direba ya ce maka ya yi Katsina cikin kilomita arba'in. Shekara 41 ana muhawara, sai a fim ɗin 2018 suka nuna cewa yanke ya yi ta wata muguwar hanya da kowa ke tsoro. Magana ta zauna.

Abin da nake so Ɗan Bagalam ya ɗauka ke nan. Gudun mota ɗaya ne, amma hanya ba ɗaya ba ce. Nan da Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita ɗari ba. Wata rana awa biyu, wata rana wuni. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, wanda ke son tsallakawa da kaya ya san ba a maganar awa. Ƙauyen da kake zuwa da rani cikin minti ashirin ta cikin Gulbi, da damina in ruwa ya kawo sai ka zagaya. To sama ma ka yi mata kwalta da burji da yanke. Ka ce akwai wata hanya da ke buɗewa sau ɗaya a shekara bakwai, ƙaramin kumbo kaɗai ke shiga, kuma cikin masu shiga ba kowa ke fita ba. Lokacin ciwon Baba Iliya a rufe take. Shi ke nan, ka amsa wa ƙanwarka, Rabi kuma ta ga mahaifiyarta.

Ai mu ba baƙin irin wannan ba ne. Tun muna makarantar allo muka ji an kawo wa Annabi Sulaimanu gadon sarautar Bilkisu kafin ƙiftawar ido.

Malamin Fizik ya amsa:

Ƙanena, maganar yanke tana da kyau, kuma marubuta da yawa da ita suke aiki. Sharaɗinta ɗaya: a ambaci hanyar tun kafin a buƙace ta. In tun babi na 4 matuƙa suna firarta da tsoro, to ranar da Rabi ta shige ta gaban mai karatu zai faɗi. In kuwa a babi na 20 aka fara jin sunanta, kowa ya san faci ne.

Gadon Bilkisu kuma mu bar shi a matsayinsa. Wannan ikon Allah ne, ba ya neman mai ko makaniki. Shamuwa kuwa inji ce da mutane suka ƙera, Baba Iliya yana kwance ƙarƙashinta da sifana. Abin da aka ce inji ne, dokar inji za a tambaye shi.

Maman Ihsan ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san lissafin taurari ba, littattafan soyayya da na zaman gida nake rubutawa, na yi guda tara a waya. Amma Ɗan Bagalam, ina cikin zauren da kake saka Shamuwa, kuma tun ranar Juma'a nake son in yi maka magana na rasa ta inda zan fara.

Da na karanta babi na 19 ban ƙirga kwana ba. Abin da na ji shi ne kamar an ƙwace mini wani abu. Na yi wa Baba Iliya kuka na gaske. Na yarda da shugaban kumbon lokacin da ya tsaya a kan gawar ya ce ba yadda za a yi. Da Rabi ta iso Tsibiri cikin kwana uku, sai hawayen nan nawa suka zama na banza, shugaban kuma ya koma ko dai maƙaryaci ko azzalumi, alhali ba haka ka rubuta shi ba. Babi ɗaya ya koma baya ya ɓata goma sha biyu.

Zan gaya maka abin da ya sa ya taɓa ni haka. Mahaifinmu ɗan ci-rani ne, a Abijan yake sayar da goro da ƴan kayan tebur. Ina da shekara tara kakarmu, wato mahaifiyarsa, ta kwanta. Lokacin babu waya a hannun kowa. Aka kira wani ɗan lakwal ya rubuta wasiƙa, aka ba wani mai tafiya kudu. Ta rasu bayan kwana shida. Baba ya iso ana saura kwana biyu addu'ar arba'in. Ina gani ya shigo zaure da jakar leda a kafaɗa, a ciki akwai turmin atamfa da ya sayo mata da maganin tari, domin wasiƙar cewa ta yi ba ta da lafiya, ba a aika ta biyu ba. Ya ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, ya ga mutane, ya tsaya. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye jakar a hankali kamar akwai ƙwai a ciki, ya tsuguna a nan bakin zaure. Atamfar nan tana cikin adakar mahaifiyata har yau, ba a ɗinka ta ba.

Wannan shi ne nisa, ƙanena. Kai ka ɗauki mutum arba'in ka kai su inda ba wanda ya taɓa zuwa, ka ce mana wata shida ne tsakaninsu da duk wanda suke ƙauna. Tun ranar na san akwai wanda za a yi wa rasuwa bai sani ba, ina ta jiran in ga wane ne, ina jin tsoro. Da ranar ta zo sai tausayi ya kama ka, ka ɗauke mata. Na fahimta, domin ni ma na sha yi wa ƴan littafina haka, in ga yarinya ta sha wuya in aiko mata da attajiri daga sama. Masu karatu suna yi mini godiya a ranar, bayan sati biyu kuma ba mai tuna littafin.

Ba na goyon bayan yanke, ko da an ambace shi tun farko. Ka bar Rabi ta makara.

Tsohon Direba ya amsa:

Jikana ne ka rubuta mini, ni nike hwaɗi. Shi ya karanta mini zancenku jiya bayan isha'i, na ce sai na sa baki.

Na yi tuƙin babbar mota shekara talatin da wani abu, tun ana ɗaukar gyaɗa daga Maraɗi. Abin da Maman Ihsan ta hwaɗi gaskiya ne, mu munka ɗauki irin waɗannan wasiƙu. Daga baya anka koma kaset. Mace ta zauna gaban rediyo ta yi ma mijinta magana, ta sa yara su gaishe shi ɗaya-ɗaya, a naɗe kaset ɗin cikin tsumma a ba ka. Wani lokaci ka kai shi, mutum shina saurare shina dariya, kai kuwa ka san wanda ke magana a ciki an riga an kai shi makwanci, don labari ya cim maka a hanya. Sai ka bari ya gama ji tukuna. Ɗan Bagalam, in kana neman yadda saƙo za shi kai ma yarinyar taka, ga shi nan. Kumbon da ke kai masu abinci shi za shi kai mata muryar uwarta, muryar wata shida da sunka wuce.

Amma abin da ya sa na ce a rubuta mini daban ne. Yaro mai tura fim ya ce a buɗe yanke. To ku saurara. Kakana da ƙasa ya tahi Makka, ta Chadi da Sudan, shina tsayawa shina noma shina ƙara gaba. Shekaru ya yi, har anka fidda rai da shi. Ni kuwa da Allah ya nuhe ni, jirgi na shiga da hantsi, kahin dare ina Jidda. Ke nan hanya tana gajarcewa, ban musa ba. Amma ranar da ta gajarce, komai sai ya sauya tare da ita. Madugu ya rasa aiki. Zangon da ake kwana ya mutu, mai tuwon da ke wurin ta tashi. Kuɗin goro ya sauka. Da anka yi kwalta, garuruwan da ta bi sunka cika, waɗanda ta kauce ma sunka bushe. Yanzu ma jirgin ƙasa da ake ginawa daga Kano zuwa nan, tun bai iso ba mutane ke lissahin inda za su sayi fili.

To in a labarinka akwai hanyar kwana uku, ko da sau ɗaya take buɗewa a shekara bakwai, kada ka ce yarinya mai kuka ce za ta fara sanin ta. Ƴan kasuwa za su riga ta. Alhazan garin ga da na sani, da sun ji akwai inda ake zuwa wata shida kuma ga yanke na kwana uku, wallahi tun shekara biyu kahin ta buɗe sun kama layi da kayansu. Soja ma za su tsare bakinta, a sa haraji. In za ka iya rubuta duk wannan, buɗe yanke. In ba za ka iya ba, bar hanya yadda ka same ta.

Mu a tasha, direban da ya ce ya yi Ƙonni cikin awa ɗaya, ba mu gardama da shi. Sai dai gobe in ya ce taya ta hwashe mashi a Gidan Rumji shi ya sa ya makara, ba mai yarda.

Ɗan Bagalam ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Malam, Mai Turi, na gode ƙwarai. Anti Maman Ihsan, na karanta naki sau uku, na ukun sai da na kife wayar a kan tebur na fita waje na ɗan tsaya. Allah ya jiƙan kaka, ya jiƙan magabatanmu.

Na sayi kayen jiya a bakin babbar kasuwa, na rubuta 880 na ja layi. Daren jiya na sanar a zaure cewa na janye babi na 19, na kuma faɗi dalili, na ce ƙanwata ce ta kama ni. Mutum biyu sun ji haushi, ɗaya ta ce in Rabi ba ta ga mahaifiyarta ba ta daina karantawa. Na ba ta haƙuri.

Mai Turi, ban jefar da yankenka ba. Na rubuta shi a shafi na uku na kayen, da alhazan Baba da sojojinsu da harajinsu. Littafi na biyu ne wannan in Allah ya kai mu, kuma Baba Iliya zai zama dalilin da ya sa aka fita neman hanyar.

A sabon babin, kumbon kaya ya iso da buhunan gero da ƴan saƙonni. An miƙa wa Rabi nata. Muryar mahaifiyarta ce, tana tari tsakanin magana, tana ce mata jikin da sauƙi, kada ta damu, akuyarta ta haifi biyu. Rabi ta iya lissafi, ta san muryar ta yi wata shida a hanya, kuma ko yanzu ta tashi sai wani wata shidan. Matuƙin kumbon kayan yana tsaye a bakin ƙofa bai tafi ba, yana juya hularsa a hannu.

Nan na tsaya. Ban san ko ya faɗa mata a daren ba ko ya bari sai da safe. Baba, ku da kuka yi, yaya kuke yi? A tambayar mini shi don Allah. Ga fasinjan Damagaram sun fara layi, zan leƙo bayan azahar.